Makarin haske a amfilifayar leza

Makarin haske, wanda injiniyoyi ke kira aisoleta, ƙaramar na'ura ce da ke barin haske ya wuce ta gefe ɗaya, ta kuma hana shi komawa baya. Ana saka shi a gaba da bayan amfilifayar leza, wato na'urar da ke ƙara wa haske ƙarfi, domin shawo kan wani haske marar amfani da amfilifayar ke haifarwa da kanta. A littattafan kimiyya ana taƙaita sunan wannan haske da haruffan ASE, ma'anarsa kuwa hasken da ƙwayoyin zarra suka saki don ganin damarsu, sannan amfilifaya ta ninka shi. Makarin haske yana tare ASE da ke tafiya baya da kuma hasken da ya dawo daga wurin da ya ci karo da wani abu, amma ba ya iya cire ASE da ke tafiya gaba tare da saƙo. Wannan bambanci shi ne ke iyakance nisan da saƙon intanet zai iya yi a cikin zaren fayiba, kamar tafiyar da yake yi daga gaɓar teku a Legas zuwa Kano da garuruwan kudancin Jihar Jigawa irin su Birnin Kudu, Gwaram da Basirka.

Asalin ASE

Ƙwayar zarra da aka ɗura wa kuzari tana iya sakin kuzarin a matsayin ƙwayar haske, wato foton, ta hanyoyi biyu. Albert Einstein ne ya bayyana su a rubuce-rubucensa na 1916 da 1917. Hanya ta farko ita ce fitarwar zuga: foton ya zo wucewa, ya zuga zarrar, ta saki wani foton mai kama da shi a launi da alkibla da takun kaɗawa. A kan wannan aka gina leza da amfilifaya, domin foton ɗaya yakan zama biyu, biyu su zama huɗu. Hanya ta biyu ita ce fitarwar ganin dama: zarrar ta saki foton ba tare da wani ya zuga ta ba, a lokacin da ba a iya hasashe, zuwa kowace alkibla.

Ba a iya raba waɗannan hanyoyi biyu. Lissafin Einstein ya nuna cewa duk abin da ke iya fitarwar zuga dole yana fitarwar ganin dama. Don haka babu amfilifayar haske da ba ta da hayaniya. Yawancin foton ɗin ganin dama sukan fice ta gefe su ɓace, amma kaɗan daga ciki sukan dace da tsawon amfilifayar. Waɗannan kuma amfilifayar ba ta bambanta su da saƙon gaskiya, sai ta ninka su kamar yadda take ninka saƙon. Abin da ke fitowa shi ne ASE: haske mai faɗin launuka, marar tsari, wanda ke fita ta ƙofar gaba da ta baya duka.

Masana suna auna ninki da asarar haske da desibel. Desibel 3 na nufin ninki biyu, desibel 10 ninki goma, desibel 20 ninki 100, desibel 30 kuma ninki 1,000. Ƙarfin ASE yana ƙaruwa daidai da ninkin amfilifaya da kuma faɗin launukan da aka bari su wuce. Ga amfilifaya mai ninki babba, mafi ƙarancin lalacewar da za ta yi wa tsabtar saƙo desibel 3 ne, kuma wannan iyaka ce ta dokokin kimiyyar kwantum. Amfilifayoyin da ake sayarwa don sadarwa sukan tsaya tsakanin desibel 4 zuwa 6.

Illolin ASE

Illa ta farko ita ce satar kuzari. Kowace zarra da ASE ta zuga ta saki kuzarinta, to saƙon ya rasa wannan kason. ASE mai tafiya baya ta fi ɓarna a nan, saboda tana kai wa ƙololuwar ƙarfinta a daidai bakin shigar amfilifaya, inda saƙon ke shigowa a raunane. Idan ta zubar da kuzarin zarrorin da ke wurin, saƙon zai tarar da wuri mai ƙarancin ninki da yawan hayaniya.

Illa ta biyu ita ce juyewar amfilifaya ta zama leza. Leza dai amfilifaya ce da aka sa tsakanin madubai biyu. Ba sai an saka madubi da gangan ba: duk inda gilashi ya haɗu da iska, kusan kashi 4 cikin 100 na haske yakan dawo baya. Idan akwai irin wannan fuska a gaba da bayan amfilifaya, hasken da ya je ya dawo zai ragu zuwa 0.0016 na asalinsa, amma ya ratsa amfilifayar sau biyu. Da zarar ninkin ratsawa ɗaya ya kai 25, wato kimanin desibel 14, ribar ta cinye asarar, sai ASE ta shiga kai-komo ta zama hasken leza a launin da ba a nema ba. Amfilifayar sadarwa kuwa tana da ninki 100 zuwa 1,000. Sakamakon shi ne saƙo ya birkice, wani lokaci kuma a sami ɓarkewar haske mai ƙarfi da ke ƙona bakin zare ko lezar da ke ciyar da amfilifayar.

Illa ta uku ta shafi lezar da ke aiko da saƙo. Ƙananan lezojin sadarwa ba sa jure wa hasken da ya dawo cikinsu. Ko ɗan kaɗan ne yakan sa launinsu ya yi rawa, ƙarfinsu ya riƙa hawa da sauka.

Illa ta huɗu ita ce hayaniya a wurin karɓa. ASE mai tafiya gaba tana isa tare da saƙo, ta gauraya da shi a kan na'urar da ke mayar da haske lantarki, ta sa a riƙa karanta 1 a matsayin 0 ko 0 a matsayin 1.

Tarihi

A ranar 13 ga Satumba 1845, Michael Faraday ya gano a Landan cewa maganaɗisu yana juya fuskar kaɗawar haske idan hasken na ratsa wani gilashi mai nauyi da aka haɗa da darma. Bayansa Bafaranshe Émile Verdet ya auna girman wannan juyawa a abubuwa daban-daban, shi ya sa ake kiran ma'aunin da sunansa. A 1885 Lord Rayleigh ya nuna cewa za a iya amfani da juyawar Faraday a yi ƙofar haske mai hanya ɗaya. Tunanin bai sami babban amfani ba sai bayan da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ranar 16 ga Mayu 1960 a Malibu, Jihar Kalifoniya ta Amurka.

A 1964 Charles Koester da Elias Snitzer suka nuna cewa zaren gilashi da aka zuba wa sinadarin niyodimiyam yana iya ninka haske. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka bayyana cewa gilashi mai tsabta zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa, aikin da ya sa aka ba Kao kyautar Nobel a 2009. Kamfanin Corning ya ƙera zaren farko mai ƙarancin asara a 1970. A 1982 Masataka Shirasaki da abokin aikinsa Asama, na kamfanin Fujitsu a Japan, suka wallafa tsarin ƙaramin makari da ya dace da zaren fayiba, wanda ke aiki ko wace fuska hasken ya zo da ita.

Babban sauyi ya zo a 1987, lokacin da rukunin David Payne a Jami'ar Southampton ta Ingila, da rukunin Emmanuel Desurvire a Bell Labs na Amurka, suka nuna amfilifayar zare mai sinadarin erbiyam, wadda ake kira EDFA. Tana aiki a tsawon zango na kusa da nanomita 1550, daidai inda gilashi ya fi barin haske ya wuce. A 1992 Richard Laming da Michalis Zervas da Payne suka saka makari a tsakiyar zaren erbiyam, suka sami ninki na desibel 54 da ma'aunin hayaniya na desibel 3.1, dab da iyakar da kimiyya ta gindaya. Kebul na TAT-12 da TAT-13, da aka kammala a 1996, su ne na farko da suka ratsa Tekun Atlantika da irin wannan amfilifaya.

Yadda makarin haske ke aiki

Haske kaɗawa ce, kuma kaɗawar tana da fuska: tana iya zama a tsaye, a kwance, ko a karkace. Makari mafi sauƙi yana da sassa uku a jere. Na farko mataci ne da ke barin fuska ɗaya kawai ta wuce, misali ta tsaye. Na biyu shi ne majuyin Faraday, wato guntun kiristal da aka kewaye da maganaɗisu mai ƙarfi, wanda ke juya fuskar haske da digiri 45. Na uku wani mataci ne da aka karkata shi da digiri 45.

Hasken da ya shigo ta gaba yana wuce matacin farko a tsaye, majuyi ya juya shi digiri 45, ya dace da mataci na biyu, ya fita. Hasken da ya dawo ta baya yana shiga a karkace da digiri 45, sai majuyin ya ƙara masa wasu 45 ɗin a alkibla iri ɗaya da ta farko. Jimla ta zama digiri 90, wato hasken ya koma a kwance, matacin farko kuma ya hana shi wucewa.

Sirrin yana cikin halin juyawar Faraday. Akwai abubuwa kamar ruwan sukari da ke juya fuskar haske, amma idan hasken ya dawo ta cikinsu juyawar takan warware. A majuyin Faraday alkiblar maganaɗisu ce ke tantance gefen juyawa, ba alkiblar tafiyar haske ba, don haka zuwa da dawowa suna haɗuwa ne maimakon su soke juna. Madubai da ruwan tabarau kaɗai ba sa iya wannan aiki.

Girman juyawar shi ne ma'aunin Verdet a ninka da ƙarfin maganaɗisu a ninka da tsawon kiristal. Kiristal ɗin TGG, haɗin tabiyam da galiyam, yana da ma'auni kimanin radiyan 134 a kowace tesla da mita a nanomita 633, ya sauka zuwa kimanin 40 a nanomita 1064. Digiri 45 daidai yake da radiyan 0.785. Saboda haka a nanomita 1064, da maganaɗisu mai tesla ɗaya, ana buƙatar kiristal mai tsawon kusan milimita 20. A zangon sadarwa na nanomita 1310 zuwa 1550 ana amfani da YIG, haɗin itiriyam da ƙarfe, ko danginsa da aka ƙara wa bismat, wanda ɓalli marar kaurin milimita ɗaya ya isa.

A cikin zaren sadarwa fuskar haske tana sauyawa da zafi da lanƙwasar zare, don haka mataci na gama-gari zai riƙa yanke saƙo. Tsarin Shirasaki yana maye gurbin matatan da kiristal masu siffar tsini da ke raba haske gida biyu gwargwadon fuska. A tafiyar gaba kasonnin biyu suna sake haɗuwa su shiga zaren fita. A tafiyar baya suna karkacewa su kuskure bakin zaren shiga.

Makari mai mataki ɗaya yakan rage hasken baya da desibel 30 zuwa 40, mai mataki biyu ya wuce 50, yayin da asarar da yake yi wa hasken gaba ba ta kai desibel ɗaya ba. Idan aka koma ga lissafin baya, makari mai desibel 40 yana ɗaga ninkin da amfilifaya za ta kai kafin ta zama leza daga 25 zuwa 2,500.

Inda ake saka shi a amfilifaya

EDFA ta ƙunshi zaren erbiyam mai tsawon mitoci kaɗan zuwa gomiya, da lezar famfo mai nanomita 980 ko 1480 da ke ɗura wa erbiyam kuzari. Zarrar erbiyam tana riƙe kuzarin na kimanin kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Zangon da aka fi amfani da shi daga nanomita 1530 zuwa 1565 ne, kuma ana jera launuka gomiya a cikinsa, kowanne da saƙonsa.

Makarin bakin shiga yana hana ASE ta baya ficewa zuwa zaren da ya kawo saƙo. In ba haka ba, wani kaso nata zai dawo daga mahaɗai ko daga gilashin kansa, wanda ke warwatso kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na haske zuwa baya, ya sake shiga amfilifaya a ninka shi. Sai dai duk asarar da makarin ya yi wa saƙo a wannan wuri tana ƙaruwa kai tsaye a kan ma'aunin hayaniya, don haka ana zaɓar mafi ƙarancin asara.

Makarin bakin fita yana tare hasken da ya dawo daga dogon zaren da ke gaba.

Makarin tsakiya yana raba zaren erbiyam gida biyu. ASE ta baya da kaso na biyu ya haifar ba ta isa kaso na farko, don haka zarrorin bakin shiga suna zama cike da kuzari, saƙo mai rauni ya sami ninki mai tsabta. Akwai matsala guda: makarin da aka ƙera don nanomita 1550 yana shanye hasken famfo na 980. Shi ya sa ake raba hasken famfo daga saƙo kafin makarin, a zagaya da shi, a sake haɗa su bayansa.

A manyan lezoji masu matakai da yawa ma haka ake yi: ana sa makari tsakanin leza ta asali da amfilifaya ta farko, da kuma tsakanin kowane mataki da na gaba.

Abin da makari ba ya iyawa

Makari yana duba alkiblar haske ne kawai. ASE da ke tafiya gaba tana bin hanya ɗaya da saƙo, don haka tana wucewa ba tare da cikas ba. Ana rage ta da wasu dabaru. Matacin launi yana cire ASE da ke wajen zangon saƙo, amma wadda ke kwance a ƙarƙashin launin saƙon tana nan. A lezoji masu harba haske a guntaye ana amfani da ƙofar lokaci, kamar ɗakin Pockels, wadda ke buɗewa na ɗan lokacin wucewar harbin sannan ta rufe. Ana kuma matse haske ta ƙaramin rami domin zubar da wanda ya bazu. Akwai abubuwan da ke shanye haske mai rauni su bar mai ƙarfi ya wuce. Game da dawowar haske, ana goge bakin mahaɗi a karkace da digiri 8 domin abin da ya dawo ya kuskure cibiyar zare. Irin waɗannan mahaɗai su ne masu launin kore, masu bakin miƙe kuma shuɗaye ne.

Makari ba ya taɓa ASE mai tafiya a gicciye. A manyan faifan gilashi na lezoji masu ƙarfi, haske yana iya kai-komo daga gefe zuwa gefe ya zubar da kuzarin. A cibiyar NIF da ke Livermore a Kalifoniya, mai igiyoyin leza 192, ana liƙa wa gefen kowane faifai gilashi mai sinadarin tagulla da ke shanye wannan haske. A wannan cibiya ce a ranar 5 ga Disamba 2022 aka harba megajul 2.05 na haske aka sami megajul 3.15 daga haɗewar nukiliya. A lezoji masu gajeren harbi, waɗanda ke bin dabarar da Donna Strickland da Gérard Mourou suka wallafa a 1985 kuma ta kai su ga kyautar Nobel a 2018, ASE takan riga babban harbi isa, ta ƙona fuskar abin da ake gwaji a kai kafin lokaci. Maganinta ƙofar lokaci ce da tace harbi.

Shi kansa makarin yana da rauninsa. Juyawarsa tana sauyawa da launi da kuma zafi, don haka idan wuri ya yi zafi fiye da yadda aka tsara, juyawar ta kauce wa digiri 45, kariyar ta ragu. A ƙarfin haske mai yawa TGG yana ɗaukar zafi ya zama kamar ruwan tabarau, ya kuma ɓata fuskar haske. Wannan ya sa ake neman madadinsa, irin su kiristal ɗin KTF. Haka kuma makari yana mayar da layi mai hanya ɗaya. Shi ya sa layin da ke da amfilifaya yake buƙatar zare biyu, na zuwa da na dawowa, kuma na'urar OTDR da masu gyara ke amfani da ita wajen gano inda zare ya yanke ba ta iya gani ta cikin amfilifaya, tunda da hasken da ya dawo take aiki. Sai an auna kowane zango daban.

A layukan sadarwar Najeriya da Nijar

Yawancin intanet ɗin Najeriya yana shigowa ta kebul na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas. Akwai SAT-3 na 2002, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS da ACE na 2012, da Equiano na kamfanin Google da ya sauka a Afrilun 2022, sai 2Africa mai tsawon kimanin kilomita 45,000. MainOne, wanda Funke Opeke ta kafa, yana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Fotugal. Irin wannan kebul yana ɗauke da jerin amfilifayoyin erbiyam a ƙasan teku, kowace da makarinta, kuma an tsara su su yi shekara 25 ba tare da an taɓa su ba.

Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne, daga Kano zuwa Birnin Kudu kuma fiye da kilomita 100, Gwaram da Basirka suna gaba da nan ta wajen iyakar Jihar Bauchi. Zaren fayiba yana asarar kimanin desibel 0.2 a kowace kilomita. Bayan kilomita 100 kashi ɗaya cikin 100 na hasken ne kawai ya rage. Don haka ake ajiye amfilifaya duk bayan kilomita 80 zuwa 100. Saƙon da mai waya ya tura daga Basirka yana zuwa turken sadarwa ta rediyo, daga nan ya bi hanyar kamfanin har ya shiga babban zaren fayiba, sannan ya ratsa amfilifayoyi da dama kafin ya kai teku.

Injiniyoyi suna da lissafin ƙiyasi na tsabtar saƙo, wato yawan fifikon saƙo a kan ASE: a ɗauki 58, a ƙara ƙarfin saƙo, a cire asarar zango ɗaya, a cire ma'aunin hayaniyar amfilifaya, a cire abin da yawan amfilifayoyi ya jawo. Misali, saƙo mai miliwat ɗaya, da zango mai asarar desibel 20, da amfilifaya mai hayaniyar desibel 5.5, suna ba da desibel 32.5 bayan amfilifaya ɗaya. Bayan amfilifaya 13, adadin da ya yi daidai da tafiyar kilomita 1,000 a zangon kilomita 80, tsabtar ta sauka zuwa kimanin desibel 21. Duk lokacin da yawan amfilifaya ya ninka biyu, ana rasa desibel 3. Makari ba ya sauya wannan lissafi. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa kowace amfilifaya ta tsaya a kan ma'auninta, ba ta ƙara hayaniyar dawowa a kai ba. Idan tsabtar ta faɗi ƙasa da abin da na'urar karɓa ke buƙata, dole a rage gudun saƙo ko a gina tasha mai tsada da za ta mayar da hasken lantarki ta sake haifar da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa kai intanet mai sauri garuruwan da ke nesa da teku ya fi tsada.

Yanayin Arewa yana ƙara nasa nauyin. Ƙurar hunturu da ta zauna a bakin mahaɗi tana ƙara asara da dawowar haske, a bakin fitar amfilifaya ma tana iya ƙonewa ta ɓata gilashin. Zafin bazara yana taɓa juyawar majuyi da lezar famfo idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Yankewar zare, wadda aikin hanya da ɓarna ke yawan jawowa, tana barin ƙarin ɗinki a layi, kowane ɗinki kuma da asararsa. Ƙarin desibel ɗaya a kowane zango yana rage tsabtar layin baki ɗaya da desibel ɗaya. Idan zare ya yanke, amfilifayar da ke gaba ta rasa saƙo, sai ta zuba kuzarinta a ASE, har na'urar karɓa ta ga haske alhali babu saƙo. Don haka ake sa wa amfilifaya tsarin kashe famfo da kanta idan saƙo ya ɗauke. Shi kuma karyayyen bakin zare madubi ne, makarin bakin fita ne ke hana abin da ya dawo daga gare shi ya shiga amfilifayar da ke baya.

A ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, sun lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa, lamarin da ya kawo tsaiko ga bankuna da masu amfani da intanet a Najeriya da maƙwabtanta. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba, ta kuma ayyana kayan sadarwa a cikin muhimman kadarorin ƙasa. Jamhuriyar Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka ta dogara da layukan da ke ratsa maƙwabta. Shirin fayiba na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, yana da burin haɗa ta da Aljeriya, Chadi da Najeriya. A irin waɗannan dogayen layuka na tudu, tarin ASE yana cikin abubuwan farko da ake lissafawa kafin a zaɓi wuraren tashoshi.

Amfanin ASE

Akwai wuraren da ASE ce ake nema. Idan aka kunna zaren erbiyam ba tare da saƙo ba, ana samun fitila mai faɗin launuka wadda ake gwada matatai da sauran kayan fayiba da ita. Ana amfani da irin wannan haske a na'urar fayiba mai auna juyawar jirage, da kuma na'urar OCT da likitocin ido ke duba sassan bayan ido da ita. A nan ma ana saka makari a bakin fita, domin haske kaɗan da ya dawo ya isa ya mayar da fitilar leza, ya rushe faɗin launukan da aka ƙera ta dominsa. A layukan sadarwa na zamani kuma akan cike gurbin launukan da ba a fara amfani da su ba da ASE da aka tace, domin nauyin da ke kan amfilifaya ya zauna daidai.

Kariya

Ido ba ya ganin hasken nanomita 980 ko 1550, don haka ba ya ƙiftawa don kare kansa. Amfilifaya tana iya fitar da ASE mai cutarwa ko da babu saƙo a layi. Ƙa'idar aiki ita ce kada a leƙa bakin zare ko mahaɗi, a auna da mita kafin a taɓa, a kuma kashe famfo kafin goge mahaɗi. Manyan makarai na ɗakunan gwaji suna da maganaɗisu mai ƙarfi da ke fizgar sukudireba da ƙananan ƙarafa, kuma yana iya shafar na'urar daidaita bugun zuciya. Kowane makari yana da kibiya a jikinsa mai nuna alkiblar haske, kuma idan aka juya shi saƙon ne zai tare.